Amino Asid a Gindin Tumatir: Nazarin Gwajin Jinju kan Ciwon Yaushi

A shekarar 2021 mujallar kimiyya mai suna Microbiome ta buga sakamakon wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Gyeongsang da ke birnin Jinju, a can kudancin Koriya ta Kudu. Masu binciken, waɗanda Farfesa Youn-Sig Kwak ya jagoranta, da Da-Ran Kim a sahun gaba, sun ba da rahoton cewa da suka shayar da gindin tumatir da wani amino asid da ake kira gilutamik asid, ciwon yaushi da fangas ɗin Fusarium, wata halitta dangin fumfuna, ke haddasawa ya ragu sosai idan aka kwatanta da tumatirin da ba a yi wa haka ba. Abin da ya sa wannan rahoto ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, gilutamik asid ba guba ba ne, kuma ba ya kashe fangas. Yana cikin amino asid ashirin ɗin da kowane mai rai ke gina furotin da su, kuma nunannen tumatir kansa cike yake da shi, domin shi ne ke ba miyar tumatir wannan garɗin da ake so. Tambayar da ke gaban mai nazari ita ce ta wace hanya abin da ya zama abinci ga kusan kowace halitta zai tsare tsiro daga cutar da ta gagari manoma fiye da shekara ɗari, kuma wane sharaɗi ne sai ya cika kafin hakan ya yiwu.

Ba za a fahimci gwajin ba sai an san yadda cutar ke aikinta. Cikakken sunan fangas ɗin shi ne Fusarium oxysporum f. sp. lycopersici, kuma masanin tsirrai George Massee ne ya fara bayanin ciwon a Ingila a 1895. A cikin ƙasa yake zaune, inda yake yin wasu ƙwayayen iri masu kaurin ɓawo da ke iya kwanciya shekara da shekaru ba tare da sun mutu ba, ko da an daina noman tumatir a wurin. Idan saiwar tumatir ta iso kusa, ruwan da take tsatsowa shi ne ke tashe su daga barci, sai su tsiro da zare siriri, su kutsa ta bakin saiwa ko ta wani rauni, har su kai ga jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye. Daga nan fangas ɗin ya samu hanya, sai ya riƙa hawa sama tare da ruwan. Tsiron yana ƙoƙarin tare shi ta hanyar toshe jijiyoyinsa da wani abu mai danƙo da kuma kumburin ƙwayoyin da ke kewaye da su. Idan ya yi toshin da sauri, fangas ɗin ya maƙale a ƙasa. Idan ya yi jinkiri, fangas ɗin ya riga ya wuce, sai tsiron ya ci gaba da toshe jijiya bayan jijiya a bayansa har ya hana kansa ruwa. Saboda haka ne ake ganin tumatir yana yaushi alhali ƙasar da yake ciki jiƙe take sharkaf.

Alamun ciwon suna da siffar da ta bambanta su. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, sau da yawa ta gefe ɗaya na tsiron, wani lokaci ma rabin ganye guda ya yi rawaya rabi ya zauna kore. Da farko tsiron yakan langaɓe da rana ya farfaɗo da yamma, daga baya ya daina farfaɗowa. In aka tsaga karan a tsaye za a ga jijiyoyin ruwan sun koma ruwan ƙasa, amma ɓargon tsakiya yana nan lafiya. Ciwon ya fi tsanani idan zafin ƙasa ya kai kusan maki 28 a ma'aunin Salshiyos, kuma a ƙasa mai yashi da tsami. Yakan bayyana ne daidai lokacin da tsiron ya fara ɗaukar 'ya'ya, wato bayan manomi ya gama kashe kuɗinsa a kan taki da ban ruwa da ƙwadago. Fesa magani a ganye a wannan mataki ihu ne bayan hari, tunda abin da ake son kashewa yana can cikin kara inda feshin ba ya isa yadda ya kamata.

Makamin da ya fi yin tasiri a tarihin wannan cuta shi ne iri mai juriya, sai dai tarihin nasa tsere ne da ba a gama ba. A 1939 masu bincike biyu a jihar Missouri ta Amurka, Bohn da Tucker, suka gano wata ƙwayar gado a jikin tumatirin daji na ƙasar Peru mai suna Solanum pimpinellifolium, wadda ke hana fangas ɗin kama tsiro. Aka sa mata suna I, aka shigar da ita cikin irin noma, kuma a 1941 aka fitar da iri mai suna Pan America. Ba a daɗe ba, a 1945, aka ga wani sabon jinsi na fangas ɗin a jihar Ohio wanda wannan ƙwayar gado ba ta tsare shi, kuma a farkon shekarun 1960 wannan jinsi na biyu ya addabi gonakin Fulorida. Aka sake komawa ga tumatirin daji aka samo I-2, wadda ta fito a cikin irin Walter a 1969. Jinsi na uku ya ɓulla a Ostireliya a 1978, ya bayyana a Fulorida a 1982, aka kuma nemo I-3 daga wani dangin daji, Solanum pennellii. A ɗaya ɓangaren, manyan manoma sun daɗe suna turara ƙasa da iskar metil buromaid kafin dashe, wadda ke kashe kusan duk abin da ke raye a cikinta. Yarjejeniyar Montreal kan kare rufin ozon na sararin sama ta kawo ƙarshen wannan, inda aka tsayar da wa'adin daina amfani da ita, 2005 ga ƙasashe masu arziki da 2015 ga masu tasowa. Giɓin da wannan hani ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka koma neman mafita a cikin halittun ƙasar kanta.

Daga gonar sitiroberi zuwa gindin tumatir

Binciken Jinju bai fara da tumatir ba. Yankin ya yi suna wajen noman sitiroberi a rumfunan leda, kuma shi ma sitiroberi yana da nasa ciwon yaushin, wanda wani ɗan uwan wannan fangas ke haddasawa. A 2016 tawagar Kwak ta ba da bayanin wata gona da aka yi fiye da shekara goma ana maimaita sitiroberi a cikinta, amma maimakon ciwon ya ƙaru kamar yadda kowa zai zata, sai ya lafa. Masana sun daɗe da sanin irin wannan ƙasa mai danne cuta. An san ta a Châteaurenard da ke kudancin Faransa, inda ciwon yaushin Fusarium ya kasa kama gonakin malo, ɗan uwan kankana, duk da cewa fangas ɗin yana cikin ƙasar, an kuma san ta a gonakin alkama na jihar Washington, inda David Weller da Linda Thomashow suka shafe shekaru suna nazarinta. Ba mamaki da sunayen waɗannan biyun suka fito a cikin marubutan aikin Jinju. Hanyar gane irin wannan ƙasa sananniya ce: in aka gasa ta da zafi sai kariyar ta gushe, in aka ɗebi kaɗan daga cikinta aka gauraya da ƙasa mai ciwo sai kariyar ta bi ta. Wannan ke nuna cewa masu tsaron rayayyu ne.

A gonar Koriya, masu tsaron da suka fi fice bakteriya ne na dangin Streptomyces. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin ƙasa a ruwan farko na damina ya san su ko da bai san sunansu ba, domin su ne ke fitar da sinadarin da ke ba da wannan ƙamshi. Daga cikinsu ne kuma Albert Schatz da Selman Waksman suka samo sitireptomaisin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Tawagar Jinju ta nuna cewa na gonar sitiroberin suna sarrafa wani sinadari da ke hana fangas ɗin gina bangon jikinsa. A 2019 suka ƙara gaba da bayanin wani nau'i da suka sa wa lamba SP6C4, wanda suka samu a saiwa da kuma a fure, suka ga yana iya shiga jijiyoyin tsiro ta sama ko ta ƙasa, kuma ƙudan zuma na ɗaukarsa daga fure zuwa fure. Yana tsare sitiroberi daga fumfunar Botrytis mai ruɓar da fure da 'ya'ya, yana kuma tsare ƙudan zuman daga wasu cututtukan bakteriya.

Matsalar da ta kai su ga amino asid ta taso ne daga wata lura. Yayin da tsiron sitiroberi ke tsufa a cikin kaka guda, yawan SP6C4 a furanni yana raguwa, sauran bakteriyan da ke wurin ma nau'o'insu na ƙaranci, kuma a daidai wannan lokaci ne fumfuna ke samun sarari. Manomi zai iya sayo bakteriyan a kwalba ya sake zubawa, kuma akwai kayayyaki irin wannan a kasuwa, kamar Mycostop da aka samo daga wani Streptomyces na ƙasar Finlan. Amma duk wanda ya yi aiki da irin waɗannan ya san rauninsu, wato baƙon da aka zuba a ƙasa yakan tarar da 'yan gida sun riga sun mamaye abinci da wurin zama, sai ya ragu cikin ɗan lokaci. Masu binciken sai suka juya tambayar, suka nemi sanin abin da fure ke ciyar da waɗannan bakteriya da shi, wanda ke ƙarewa idan tsiro ya tsufa. Amsar da suka tsaya a kanta ita ce gilutamik asid. Da suka ba furannin shi, Streptomyces suka sake yawa, ciwon Botrytis ya ragu.

Daga nan ne tumatir ya shigo, a matsayin gwaji na ko abin da aka gani a fure zai tabbata a saiwa, a wani tsiro dabam, da wata cuta dabam. Sun ba gindin tumatir gilutamik asid, suka bi diddigin bakteriyan da ke manne da saiwa ta hanyar karanta ƙwayoyin gadonsu. Streptomyces sun ƙaru, haka ma dangin Bacillaceae da na Burkholderiaceae, waɗanda dukansu akwai sanannun abokan gabar fangas a cikinsu. Ciwon yaushi kuma ya ragu. Fassarar da marubutan suka bayar ita ce asid ɗin yana sauya tsarin al'ummar bakteriyan ne kai tsaye, su kuma bakteriyan su yi aikin kariyar.

A ganina nan ne darajar aikin take, kuma nan ne iyakarsa. Abin da aka zuba abinci ne ga masu gadi, saboda haka amfaninsa ya rataya ne a kan samuwar masu gadin a wurin tun farko. Ƙasar da aka gasa, ko aka turara da guba, ko wadda ta ƙare ba taki ba ruɓaɓɓen ganye har halittun cikinta suka yi ƙaranci, ba lalle ba ne ta ba da amsa irin ta ƙasar Jinju. Kuma kwanon da aka ajiye wa mai gadi, ɓarawo ma yana iya miƙa hannu a cikinsa. Wannan ba zato ba ne kawai. A 2015 tawagar Antonio Di Pietro a Jami'ar Córdoba ta ƙasar Sifen ta buga wani aiki a mujallar Nature kan yadda wannan fangas na tumatir ke gano inda saiwa take. Sun nuna cewa zarensa yana karkata ya nufi wasu sinadarai, kuma a cikin abincin da ke jan sa akwai gilutamet, wato gilutamik asid idan ya narke a ruwa, da ɗan uwansa asfatet. Babban abin da ke jan sa zuwa saiwa wani furotin ne da saiwar ke fitarwa, amma hakan bai kore cewa fangas ɗin yana jin gilutamet kuma yana cin sa ba. Ke nan abin da ke faruwa a gindin tumatir rige-rige ne, kuma a Jinju bakteriya ne suka riga. Suna da dalilin yin nasara, domin a wajen wawushe narkakken abinci bakteriya sun fi fangas sauri, amma sakamakon tseren zai dogara da yawan kowane ɓangare a ranar da aka zuba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi lokaci. Amino asid ba ya daɗewa a ƙasa, cikin sa'o'i kaɗan halittun ƙasa sun cinye mafi yawansa. Wannan yana da kyau ta fuskar cewa ba ya barin saura, amma yana nufin zubi ɗaya ba zai riƙe tsiro daga dashe har tsinka ba. Idan kuma suka cinye shi, naitirojin ɗin da ya yi musu rara yana fita ne a siffar amoniyam. Tun shekarun 1960 da 1970 masu bincike a Bradenton ta Fulorida, Jones da Woltz, suka nuna cewa takin amoniyam da ƙasa mai tsami suna ƙara ciwon yaushi, yayin da takin naitiret da zuba farar ƙasa har ma'aunin tsami ya kai 6.5 zuwa 7 ke rage shi. A ɗan ƙaramin adadin da ake amfani da shi don ciyar da bakteriya, wannan amoniyam ba abin damuwa ba ne. Ga wanda ya ɗauka cewa ninka adadi ninka amfani ne, yana iya zama.

Ɗaya hanyar: a tashi tsiron da kansa

Kalmar amino asid ta haɗa abubuwa masu aiki dabam-dabam, kuma gwajin Jinju zai fi fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da wanda aka fi daɗewa ana nazari, wato beta-aminobutirik asid, wanda ake taƙaitawa da BABA. Shi ba ya cikin ashirin ɗin da ake gina furotin da su. A 1963 Papavizas da Davey a Amurka suka ga yana rage ruɓar saiwa a waken turawa, sannan a 1994 Yigal Cohen na Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila ya nuna yana tsare tumatir daga Phytophthora infestans, cutar da ta jawo yunwar dankali a Ayalan a shekarun 1840. Daga baya an ga yana rage ɓarnar tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir, an kuma gwada shi a kan ciwon yaushin Fusarium an ga sauƙi. Batun tsutsar yana da muhimmanci a nan, domin raunin da take yi wa saiwa ƙofa ce ga fangas, kuma inda su biyun suka haɗu ciwon yakan fi muni.

Shi ma BABA ba ya kashe cuta a farantin ɗakin gwaje-gwaje. Aikinsa a jikin tsiro yake, kuma ba ya sa tsiron ya fara yaƙi nan take. Abin da yake yi shi ne ya sa shi cikin shirin ko-ta-kwana, ta yadda in cuta ta taɓa shi zai mayar da martani da sauri da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Tawagar Brigitte Mauch-Mani a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan ta yi aiki mai yawa wajen tabbatar da wannan. Idan aka tuna cewa bambancin tumatirin da ya tsira da wanda ya mutu yakan zama saurin toshe jijiya ne, za a ga dalilin da ya sa irin wannan shiri ya dace da ciwon yaushi. A 2014 Estrella Luna da Jurriaan Ton a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka gano inda BABA ke kamawa a cikin tsiro. Siffarsa ta yi kama da asfatik asid, sai ya manne da furotin ɗin da aikinsa shi ne ɗora asfatik asid a layin gina sauran furotin. Wannan mannewa ita ce ke kunna shirin kariya, amma ita ce kuma ke kawo cikas a ginin furotin, har tsiron ya ji kamar yana cikin yunwa ya rage girma. Shi ya sa BABA, in ya yi yawa, yake tsumburar da tsiro. Ƙari a kan haka tsiro ba ya saurin narkar da shi, har an samu saurarsa a 'ya'yan tumatirin da aka ba shi tun yana ƙarami. A 2017 aka gano cewa tsirrai da kansu suna yin BABA kaɗan, kuma yana ƙaruwa idan suna cikin matsi, abin da ya rage masa baƙunta amma bai cire waɗannan matsaloli biyu ba.

Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu babu katanga. A 2016 masu bincike a Japan sun nuna cewa histidin, wanda yake cikin ashirin ɗin, yana ƙara wa tumatir juriya ga ciwon yaushi na bakteriyar Ralstonia, ta hanyar tayar da saƙon iskar etilin a cikin tsiro. Shi kansa gilutamet saƙo ne a jikin tsiro. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy suka nuna a mujallar Science cewa idan tsutsa ta ciji ganye, gilutamet ɗin da ya zubo daga raunin yana tayar da wata igiyar kalsiyam da ke ratsa tsiron da gudun kusan milimita ɗaya a daƙiƙa, har ta isa ganyen da ke nesa ta gargaɗe su. An kuma ga ba wa saiwar shinkafa gilutamet yana ƙara mata juriya ga ciwon fangas na ganye. Saboda haka mai karanta aikin Jinju yana da damar ya riƙe cewa wani kaso na kariyar da aka gani a tumatir yana iya fitowa daga tsiron kansa, ko da hujjar da marubutan suka tara ta fi karkata ga bakteriya. Bambancin yana da amfani a aikace, domin kason da ya fito daga tsiro zai bi tsiron duk inda aka dasa shi, na bakteriya kuwa yana tare da ƙasa.

Abin da ke cikin kwalba da abin da ke cikin ƙunshi

Shagunan kayan noma a ko'ina cike suke da ruwan feshi da aka rubuta wa amino asid. Yawancinsu furotin ne aka narkar, na fatu ko gashin kaji ko kifi ko waken suya, don haka cakuɗa ce ta amino asid iri-iri da adadin kowanne ya danganta da abin da aka narkar. Suna iya taimaka wa tsiro ya murmure bayan dashe ko zafi, amma ba su ne abin da aka gwada a Jinju ba, inda aka yi aiki da asid guda tsantsa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/1009, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 2022, ta raba abin a fili: kayan ƙarfafa tsiro suna iya da'awar inganta cin taki, ko jure fari da gishiri, ko kyautata amfanin gona, amma duk wanda ya ce yana maganin cuta sai ya bi ta dokar magungunan gona da gwaje-gwajenta.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai riga ya tuna da farin magi, kuma bai yi kuskure ba. Farin magi gilutamet ne da aka haɗa da sodiyam. Kikunae Ikeda ne ya gano a 1908 cewa shi ne sirrin ɗanɗanon romon ciyawar teku a Japan, a shekara mai bi kuma aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, yau kuwa bakteriya ake sa wa su sarrafa shi daga rake ko rogo ko masara. Wannan ya sa gilutamet yana cikin amino asid mafi arha a duniya, abin da ke ƙara wa binciken Jinju armashi. Sai dai kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyin farin magi sodiyam ne, kuma sodiyam ba ya ɓacewa kamar yadda gilutamet ke ɓacewa. A filin noman rani, inda ruwa ke ƙafewa ya bar gishiri a sama, maimaita zuba shi ƙari ne a kan matsalar da ake da ita. Ga kuma cewa yawancin ƙasar yankinmu tana da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, wanda shi ne abincin yau da kullum na Streptomyces, don haka a irin wannan ƙasa takin gargajiya da ya ruɓe sosai shi ne zai fara samar da masu gadin kafin a yi maganar abin da za a ƙara musu.

Manoman Kadawa da Kura da sauran wuraren noman rani sun daɗe suna riƙe da wani ɓangare na wannan tarihi a hannunsu. Harafin F da ke jikin gwangwanin irin Roma VF yana nufin juriya ga Fusarium, V ɗin kuma ga Verticillium, wani fangas dabam mai sa yaushi, kuma wannan juriya jikar ƙwayar gadon nan ce ta 1939. F guda jinsi na farko kaɗai take tsarewa. Iri mai FF ko FFF shi ne ya haɗa da na biyu da na uku. Idan gonar da aka shuka Roma VF na ainihi ta yi yaushi, ko dai wani jinsin ne ya shigo, ko tsutsar saiwa ta buɗe ƙofa, ko kuma ciwon ba na Fusarium ba ne sam. Na ƙarshen yana da sauƙin tantancewa. A yanke karan tsiron da ya yi yaushi daga kusa da gindi, a rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garai, a bar shi ba motsi na 'yan mintoci. In aka ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga bakin yankan, Ralstonia ce, kuma irin wannan tsiro yakan langaɓe ne yana kore shar. In ruwan ya zauna garai, jijiyoyin kara kuma ruwan ƙasa ne, ganyen ya yi rawaya ta gefe ɗaya, to zargi ya koma kan fangas.

Duk cibiyar bincike ko ƙungiyar manoma da ke son sanin ko sakamakon Jinju zai tabbata a ƙasarta, gwajin da ya dace ba mai tsada ba ne, amma yana da sharuɗɗa. Wurin farawa shi ne gadon reno da makonnin farko bayan dashe, tunda a lokacin ne fangas ke shiga saiwa, kuma ƙasar da za a jiƙa ba ta da yawa. Dole a bar layukan da ba a ba komai ba, a kuma ware wasu da za a ba naitirojin daidai da wanda ke cikin gilutamet ɗin amma ta hanyar taki, in ba haka ba ba za a iya raba tasirin asid ɗin da na ƙarin abinci kawai ba. In da farin magi za a yi, sai an ƙara layin da aka ba sodiyam shi kaɗai. A yi shi a ƙasa mai takin gargajiya da marar shi, a iri mai F da marar F, sannan kada a tsaya ga ƙirga tsiron da ya langaɓe, a tsaga kara a duba inda launin ruwan ƙasa ya tsaya, a kuma auna kwandunan da kowane layi ya bayar har tsinkar ƙarshe.